Tafiyar Bilma da ta tsaya a Telwa

Ku da kuka ga bidiyon kafewar motata a yashi da ƙanin matata yake yawo da shi a WhatsApp, ku sani ya yanke farkon.

Niyya dai Bilma ce ta hanyar Fashi, wajen kilomita 600 daga Agadas, kuma ba mai cewa ban shirya kat-kat ɗin nan ba. Land Cruiser ce mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ba ruwanta da kwamfuta. A kwalta tana shan gazuwal kamar lita 13 a kilomita 100, a yashi mai laushi kuwa lissafa kusan ninki biyu, shi ya sa na ƙara jarka 10 masu lita 20. Duk a ƙasa na jera su, gaba da tayoyin baya, ɗaure tamau. Sama kuwa tabarmi da barguna da tol biyu (farantan ƙarfen da ake shimfiɗa wa taya a yashi) kawai, don nauyin sama shi ke kifar da mota a gefen tudun yashi. Ruwan sha lita 6 ga kowane mutum a rana, na radiyeta daban. Safaya biyu, shebur, famfon iska, jak da faffaɗan katakon da zai zauna a kai don kada ya nutse, fanbel, tiyon radiyeta, da filtar gazuwal biyu, tunda man jarka ba ya rabuwa da datti.

Sai na ce mu gwada ta a yashin Telwa, nan bayan gari.

A bakin kori har darasi na yi wa ƙanin matar tawa. Na sauke iskar taya daga bar 2.5 zuwa 1.2, ina gaya masa haka take shimfiɗewa ta hau kan yashi maimakon ta haƙe shi, kuma in ka sauka ƙasa da bar 1 ka murɗa sitiyari da ƙarfi, tana iya zamewa daga rim. Yana ta gyaɗa kai. Na ja ƙaramin giya zuwa L4, na sa lamba biyu, muka shiga.

Ba mu je ko'ina ba bayan mota ya zauna. Kowa ya san da ka ji ta fara haƙa sai ka ɗaga ƙafa daga totur, amma ga shi a kunnena yana ihu, "Ba ta wuta, Yaya!" Na ba ta. Sai da aksul ya kwanta a yashi. Na fito na yi haƙa, na ɗaga da jak, na cusa tol ƙarƙashin tayoyin baya, na sake ba ta wuta. Tol ɗin suka yi fitar burgu ta baya, mota ta ƙara zama.

Kafin nan masu lambu sun taru, da yara, da wani mai babur wanda ba zan yafe wa ba. Bai taɓa shebur ba. Ya dai tsaya a inuwar motata yana cewa kuloci ne, kuloci ya ƙone, shi ya sani. Ya buɗe jarkar ruwan da na tanada don hamadar Tenere ya sha, ya wanke fuska, ya yi alwala, ya miƙa wa abokinsa. Sannan ya juya ya gaya wa jama'a wai irina ne ya buge itacen Tenere a 1973, itace ɗaya tilo a duk faɗin hamadar nan direba ya same shi. Aka kwashe da dariya. Daga baya na ji ko lasin mota ba shi da shi.

Ana cikin haka wani dattijo mai rawani ya iso da jakinsa. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ina amsawa yashi cike da baki. Ya tsuguna a tayar gaba, ya goge tsakiyarta da bakin rawaninsa, ya murɗa ɗan makullin nan daga FREE zuwa LOCK. Ya zagaya ɗaya gefen a hankali, ya yi haka nan. In ba a kulle su ba, ko ka sa L4 shaf ɗin gaba yana juyawa ne a banza, tayoyin baya kaɗai ke aiki. Makanikena ne ya bar su a buɗe bayan ya sa giris, kuma wai haka ya dace a kwalta. Ai da sai ya faɗa.

"Ɗana, na gaban nan ba su san ana aiki ba. Shiga."

Ko totur ban taka sosai ba ta fito.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Ina kuka nufa?" Kafin in buɗe baki ƙanin matata ya ce, "Bilma, Baba." Dattijon ya dube ni, ya dubi jarkoki, ya sake duba na. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Da wa?"

Famfon iskar ma ya ƙona fis a taya ta biyu, sai wurin mai faci muka lallaɓa. Tol ɗaya har yau ban gan shi ba, kuma na san wanda nake zargi.