Atamfar 8 ga Maris ba za ta wanke ka ba

Ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Akwai wani a nan Garwa, duk ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, shi ne a sahun gaba. Ya raba wa matan ofis atamfar bikin, ya karɓi lasifika ya ce mata iyayenmu ne, a ɗauke shi hoto a watsa a Facebook. Kwana biyu bayan haka, mai jego ta nemi izinin zuwa shayar da jaririnta, sai ya dubi agogo ya ce, "Nan wurin aiki ne, ba gidan suna ba." A gaban mutane ya faɗa, har da ƙananan ma'aikata. Baiwar Allah ta koma kujerarta, nono ya jiƙa mata gaban riga, tana rufewa da mayafi.

Malam, lokacin shayarwar nan ba alfarmarka ba ce. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba mai shayarwa hutun da ya kai awa ɗaya a kowace ranar aiki, har wata 15 bayan haihuwa. Ta ba mai ciki mako 14, huɗu kafin ta sauka, goma bayan ta sauka, kuma ba a sallamarta a cikin hutun. Kuɗin hutun ma CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ke biya, ba daga aljihunka suke fita ba. To me ke ƙona maka rai? Ka taɓa tunanin yadda take hawa babur a ranar watan Maris, zafi ya haura 40, ta je unguwar Yelwa ta dawo a guje don kada ka sami abin faɗa?

Na ji abin da kake yaɗawa a kaina, wai ina da raunin zuciya, wai mace mai tausayi ba za ta iya riƙe sashe ba. Eh, ina da tausayi, kuma ba zan ajiye shi a ƙofar ofis don in burge ka ba. Ma'aikacin da ɗansa ya kwana da zazzaɓin cizon sauro, in ka tambaye shi ya mai jiki kafin ka tambaye shi rahoto, ba ka rage komai daga aikin ba. Mutanen sashena maza da mata sukan kawo mini kuskurensu da kansu tun kafin ya girma. Naka ɓoyewa suke yi don tsoron tsawarka, sai ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa, a shiga neman wanda za a ɗora wa. Kusan kullum kuma mace ake ɗora wa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taro. Mace ta kawo shawara, ka katse ta. Namiji ya maimaita ita ɗin dai, ka ce madalla. Ga batun albashi, alhali dokar nan ta ce in aiki ɗaya ne, ƙwarewa ɗaya ce, to albashi ɗaya ne, ba ruwanta da mace ko namiji.

Kujerar da kake hanƙoro, in rabonka ce ba zan hana ka ba. Amma mai jegon nan ba ita kaɗai ba ce yanzu. An karanta mata haƙƙinta layi-layi, an kuma nuna mata hanyar ofishin sufeton ƙwadago. Ranar Litinin ni zan raka ta.