Jeren amarya a gadon sama

Tun ranar da sunana ya fito cikin waɗanda suka samu gado a hostel barci ya ƙaurace mini. Ba karatu nake tunani ba, Allah na tuba, ɗaki nake tsarawa. Na shafe makonni ina kallon ɗakunan ɗaliban Amurka a Instagram: ƙananan fitilu suna ƙyalli a bango, labule har ƙasa, ga wata 'yar shuka a taga tana shan iska. Na ce wallahi ni ma haka nawa zai zama.

Rabin kuɗin da Baba ya ba ni na kayan abinci a kasuwa ya ƙare. Na yanko yadi shida na labule ruwan hoda a Kantin Kwari, na kwaso kwandunan roba da 'yar kanta mai hawa uku a Ƙofar Wambai, na shiga Kurmi na zaɓo faifai uku masu launi don in rataya a bango, a ce ba a manta da gargajiya ba. A Sabon Gari kuma na sayi ledar ƙasa, da takardar bango mai furanni, da fitilun nan masu kashe ido.

Ina cikin baza kayan a tsakar gida Gwaggo Asabe ta shigo. Duk bikin da za a yi a unguwarmu ita ake kira jere, don haka ta tsaya ta ƙare wa kayana kallo kamar mai duba gawa.

"Ke 'yar nan, wannan tarkacen robar shi ne jeren? Ɗakin 'ya mace ba kwano?"

"Gwaggo, makaranta fa zan tafi, ba gidan miji ba."

"Daga makarantar ake wucewa gidan mijin ai."

Kafin magariba ta aiko yaro da saitin samira guda biyar, kowace da murfinta, irin na da masu nauyi. Ta ce amana ce, in ko guda ta kwarzane ni da ita ne.

Adaidaita sahu biyu muka cika. Da na tura ƙofar ɗakin sai na koma na sake duba lamba, don na ɗauka ɗakin ajiya aka turo ni. Gadaje huɗu masu hawa biyu, mutum takwas a takarda, da daddare kuwa mu goma sha ɗaya muke kwana, saboda wasunmu suna da 'yan garinsu da ba su samu gado ba. Ƙarƙashin gadajen cike da Gana-mas-go, risho, bokiti da buhun garin kwaki. Ni da na zo a makare, gadon sama na tsakiya ya rage mini, daidai saitin fanka. Na auna bangon da ya zama rabona da hannu: taƙi bakwai. A ƙasa kuwa abin da na mallaka bai wuce inda zan ajiye silifas ba.

Mai gadon ƙasa 'yar aji huɗu ce daga Maiduguri, kowa Anti Falmata yake ce mata. Ta ɗago daga kan kaskon turaren wutarta, ta dubi naɗin ledar da ke kafaɗata, ta kira ni da sunan da ake tsokanar sababbin ɗalibai da shi, ta ce, "Jambito, sannu da zuwa. Ina angon?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Na ce a raina za ku gani.

Ledar ƙasa dai ba ta ga ƙasa ba. Ninke ta na yi na tura ƙarƙashin katifa, tana nan har yau. Takardar bango kuwa ta manne lafiya lau da rana, amma lokacin hunturu ne, bangon kuma ya sha ƙura, cikin dare ta saki ta rufto mini a fuska, na farka ina salati na zaci likkafani ne. Wata Rahila da ke gadon gefe ta ce abu mai sauƙi, a dama sitacin rogo a shafa, haka suke manna kalanda a gida. Na dama, na shafa, ta kama kamar da siminti. Abin da Rahila ba ta faɗa mini ba shi ne ni na dafa wa kyankyasai walima. Kwana uku ina jin ƙwas-ƙwas a bayan furannina, a rana ta huɗu sai ga wani ƙato ya leƙo ta tsakiyar fure yana kaɗa gashin baki, kamar mai gida ya fito ganin baƙi.

Duk da haka ban daddara ba. Na ɗaure kantar roba a jikin ƙarfen gado ta wajen ƙafata, na jera samirun Gwaggo daga babba zuwa ƙarama, na rataya faifai, na zagaye da fitilu. Fitilun ma sai da na yi rantsuwa kafin a ba ni gurbi, don soket ɗaya ne a ɗakin, an jona masa wani, an jona wa wanin wani, caja goma da hita duk a kansa.

Saura labule. Gefe uku na samu inda zan ɗaura igiya, gefe na huɗu babu komai sai fanka. Tun zuwana ban taɓa ganin ta motsa ba, gizo-gizo har ya yi mata saƙa. Na tambayi Anti Falmata, ta ce, "Wannan? Tun ina aji ɗaya ta rasu." Sai na ɗaura igiyar a fiffikenta ɗaya, ɗaya bakin kuma na zarge shi a jikin kantar, na zura labule. Jama'a, abin ya yi kyau. Har daga wasu ɗakuna aka riƙa zuwa kallo. Na kunna fitilu, na ɗauki hoto ya fi talatin, na tura wa Gwaggo ta wayar ɗanta, ta aiko da guɗa.

Ashe fankar ba rasuwa ta yi ba, suma ta yi. Wutar da ake kawowa ce ba ta da ƙarfin tada ta, makunninta kuma an bar shi a kunne tun zamanin da ba wanda ya tuna. Daren Alhamis, wajen ƙarfe biyu, aka kawo wuta cikakkiya.

Da farko gurnani na ji a saman kaina. Kafin in gama wartsakewa labulena ya tashi sama kamar an yi masa kiranye. Igiya ta ɗame, kanta ta yi ƙara ta tsinke daga jikin gado, samira biyar da murafensu biyar suka sauka kan siminti lokaci guda. Wanda bai taɓa jin faɗuwar samira cikin dare ba, bai san tashin hankali ba. Murfi ɗaya ya kama gudu a ƙasa yana wainiya, fanka tana jan yadi shida tana marin duk wadda ta ɗago kai, fitiluna kuma suna ta kashe ido abinsu, ja, kore, shuɗi.

Rahila ta kurma ihu, "Ɓarawo!" Wata ta ce aljanu ne, ta kama Ayatul Kursiyyu daga tsakiya. 'Yan raɓe uku da ke kwance a ƙasa suka yi ƙofa a tare suka maƙale. Kan ka ce kwabo duk benen ya fito, wata da muciya, wata da bokiti, wata da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ni kuwa ina manne da katifa, na rufe kai da filo, ina jin iskar labulen Kantin Kwari tana wucewa ta bayana.

Anti Falmata ce ta rarrafa ta kashe makunnin. Ta miƙe, ƙaramar samira a hannu, goshinta da ƙulu kamar ƙwan zabo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ƙanwata, kin tashi matacciya. Allah Ya yi miki albarka, shekara uku muna shan zafi."

Da safe matiron ta zo ta kwashe fitilun da hitar da ba tawa ba, mai hitar ta yi sati ba ta amsa gaisuwata. Takardar bango na ɓamɓare ta da cokali. Labulen, abin da ya rage daga cikinsa, muka raba muka yi tsumman goge ƙasa. Samiru kuwa suka shiga hidimar al'umma: babbar ta jiƙa kwaki, mai bi mata ta zuba taliya, har maƙwabta suna aikowa aro.

Hutun ƙarshen zango na wanke su tas da toka, na jera su a kwali yadda lotsattsen gefen zai kalli ƙasa, na kai wa Gwaggo. Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, tana juyawa tana shafawa, ba ta ce uffan ba. Ta ƙirga kwanuka, biyar. Ta ƙirga murafe, huɗu.

"Ina murfin ta ukun?"

Na ce, "Gwaggo, ta taga ya fita."

Ta gyara zama ta ce, "Da ƙafarsa?"