Buhu goma sha biyu a ɗakin baya

'Yan'uwa cikin Kristi, salama a gare ku. Kaka ta yi, masara ta shigo gida, ikkilisiyoyi suna shirin sujadar godiya. Kafin mu ɗauki dami mu yi rawa zuwa gaban bagade, ina so mu buɗe Luka 12, daga aya 13 zuwa 21.

Rigimar gado ce ta jawo maganar. Wani ya taso daga cikin taro ya ce Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba musu gado. Ubangiji ya ƙi zama alƙalinsu, sai ya ba da misalin manomin da gonarsa ta yi albarka har rumbu ya kasa ɗauka. Ku duba da kyau, mutumin nan bai yi sata ba, bai ci iyakar gonar kowa ba. Da a garinmu yake, da shi za mu ba shugabancin kwamitin gini. Amma ku saurari yadda yake shawara da zuciyarsa: amfanina, rumbunana, kayana, raina. Babu Allah a lissafin, babu maƙwabci, ko 'yan ƙwadagon da suka yi masa girbi bai tuna ba. A daren nan Allah ya kira shi wawa, ya karɓi ransa.

Na daɗe ina karanta wurin nan kamar labarin wani, sai da ya zo kaina. Wata shekara na sayi masara buhu 12 a kasuwar Saminaka lokacin da take araha, na jibge a ɗakin baya, ina jiran tsakiyar damina farashi ya tashi. Ajiya dai ba laifi ba ce. Yusufu ma ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, sai dai da yunwa ta zo ya buɗe rumbunan. Ni kuwa, a watan Yuli wata gwauruwa daga zumuntar mata ta yi sallama da yamma, ta durƙusa ta ce, "Dattijo, ko mudu biyar ne a ranta mini, in an yi girbi in biya." Na ce, "Ayya Mama, ai mu ma lallaɓawa muke yi." Makullin ɗakin yana aljihuna. Ta ce Allah ya rufa asiri, ta tashi.

Da a ce ƙwari sun cinye masarar, da labarin ya fi daɗin faɗa a wa'azi. Ba su ci ba. Farashi ya tashi, na sayar, na ci riba sosai, na fitar da zakka cif, ranar godiya aka ambaci sunana aka yi tafi. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin kuɗi bai taɓa hana ni zuwa sujada ba. Ya bar mini Lahadi da waƙa da addu'ar safe, shi kuma ya riƙe makulli. Sai daga baya na gane dalilin da ya sa a Matiyu 6:24 Yesu ya kira dukiya ubangiji, ya ce ba a bauta wa biyu. Wanda ka yi wa biyayya a lokacin da babu mai ganinka, shi ne maigidanka, kuma ni na san muryar wa na bi a yammacin nan.

Karin Magana 11:26 ta ce jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan mai sayarwa. Ba ma kyauta aka ce ba, sayarwa kawai, a lokacin da mutane suke bukata. Ko wannan na kasa.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, naka ba lalle masara ba ce. Wataƙila fili ne da kuka daina gaisawa da ƙaninka saboda shi, ko albashin yarinyar da take miki aiki da kike ja wata biyu, ko mudun da aka bubbuge gindinsa. Kada ka jira fasto ya taɓo wurin, ka je gaban Ubangiji da kanka ka faɗa masa sunan abin.

Matar nan tana nan, layi na biyu take zama da gangarta. Bara na kai mata buhu guda har gida, na gaya mata ƙarya na yi a ranar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Dattijo, ai na sani. A gabana aka sauke su daga mota."