Wendie Renard ba ita ce matsalar Faransa ba

Ni dai ranar da na fara riƙe sunan Wendie Renard a kaina ba ranar daɗi ba ce. 17 ga Yuni 2019 ne, gasar cin kofin duniya ta mata, Najeriya da Faransa a birnin Rennes. Muna zaune a gidan kallo an cika har bakin ƙofa, janareta na ta ƙugi a waje, 'yan matanmu sun riƙe wasan nan tamau har aka wuce minti 70 babu ci. Sai alƙaliyar wasa ta je ta duba na'urar VAR ta dawo ta ba da fenareti, ta kuma kori Ngozi Ebere da katin gargaɗi na biyu. Wata doguwa ce, wato Renard mai tsaron bayan Faransa, ta taso daga baya ta ajiye ƙwallo, ta buga ta daki ƙarfe ta fita, gidan kallo ya kaure da ihu har wani ya kifar da benci. Ba mu gama murna ba aka ce wai golarmu Chiamaka Nnadozie, yarinya 'yar shekara 18 a lokacin, ta matso daga kan layi kafin a buga, a sake. Aka sake, ta ci, aka tashi 1-0. Har yau ina ganin an matsa mana a hukuncin nan, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda matar nan ta koma ta ɗauki ƙwallon karo na biyu bayan ta ɓarar a gaban mutanen ƙasarta, ko gezau.

Shi ya sa da na ji kocin Faransa Laurent Bonadei ya ajiye ta bai tafi da ita gasar Turai ta 2025 a Suwizalan ba, ita da Eugénie Le Sommer da Kenza Dali, abin ya dame ni ƙwarai, kuma har yanzu ina ganin kuskure ne.

A duba daga ina ta taso. An haife ta a 1990 a tsibirin Martinique can yankin Karebiyan, ita ce auta cikin 'ya'ya mata huɗu, mahaifinta ya rasu tana shekara 8. Ta zo gwaji a Clairefontaine, makarantar ƙwallon da Faransa ke tunƙaho da ita, ba su ɗauke ta ba, ta hau jirgin ƙasa ta wuce Lyon aka gwada ta aka karɓe ta a 2006 tana shekara 16. Tun daga nan ba ta sake canza riga ba. Kofin zakarun Turai 8 ta ɗauka da Lyon, na farko a 2011 a Landan inda ita ce ma ta fara zura ƙwallo a ragar Turbine Potsdam, na 2022 kuma sun doke Barcelona 3-1 a Turin lokacin da kowa ke cewa zamanin Lyon ya wuce. Lig ɗin Faransa kuwa sau 14 a jere daga 2007 zuwa 2020. Kuma mai tsaron baya ce fa, amma tsayinta mita 1.87 ya sa duk kwanar da aka samu sai ka ga masu tsaron bayan abokan hamayya sun rikice suna neman wa zai riƙe ta.

To masu sukarta suna cewa duk wannan a kulob ne, a ƙasa me ta kawo? Gaskiya ne Faransa ba ta taɓa cin kofin duniya ko na Turai ko zinaren Olamfik a ɓangaren mata ba, kuma tun 2011 da ta fara sa rigar ƙasa tana cikin kusan duk faɗuwar da aka yi a kwata fainal. Amma ku koma ku kalli wasannin mana. A 2019 ta ci Koriya ta Kudu biyu da ka a wasan buɗe gasa, da Amurka ta fitar da su 2-1 a Paris ita ce ta farke ɗayan. A kofin duniya na 2023 ita ta ci Brazil ƙwallon nasara ana saura 'yan mintuna a tashi, daga baya Ostireliya ta fitar da su a bugun fenareti. Mai tsaron baya da ta ci wa ƙasarta ƙwallo sama da 30 a wasa sama da 160, a ce ita ce ta hana ruwa gudu? Ni ban yarda ba.

Akwai kuma abin da nake ganin wasu ba su yafe mata ba, wato abin da ta yi a Fabrairun 2023. Tsakaninta da tsohuwar koci Corinne Diacre dama ba a jituwa, Diacre ce ta karɓe mata kyaftin a 2017 ta ba Amandine Henry, sai a 2021 ta mayar mata. Ana saura 'yan watanni a tafi kofin duniya Renard ta fito ta ce ta janye daga tawagar ƙasa saboda ba za ta iya ci gaba da goyon bayan tsarin da ake kai ba kuma tana son kare lafiyar ƙwaƙwalwarta, abokan wasanta Katoto da Diani suka bi bayanta, a watan Maris hukumar ƙwallon Faransa ta sallami Diacre ta kawo Hervé Renard, wanda mu a Afirka muka sani da kofin da ya ci wa Zambiya a 2012 da Kwaddibuwa a 2015, suna ne kawai ya zo ɗaya ba 'yan uwa ba ne. Wasu sun kira abin tawaye. Ni a wurina mace ce da ta yarda ta rasa kofin duniya don a gyara gida, kuma ba kowane ɗan wasa ne zai iya wannan ba, da yawa sai dai su yi gunaguni a ɗakin canza kaya su fito su yi shiru.

Ba na cewa Bonadei ba shi da hujja ko kaɗan. Tana dab da cika 35 lokacin gasar, gudunta ba kamar da ba, kuma koci yana da damar ya fara gina tawagar da zai kai kofin duniya a Brazil a 2027. Da farko ma kamar dabararsa ta yi, sun doke Ingila 2-1, suka cinye duk wasanninsu uku na rukuni. Amma fa ba dole sai ta fara kowane wasa ba, ana iya tafiya da ita ta zauna a benci a sako ta lokacin da ake buƙatar wadda ta saba da irin wannan dare, balle ma a ce 'yan makonni kafin gasa ne kyaftin ɗinka za ta ji ba ta cikin tafiya.

Sai ga daren ya zo a Basel, kwata fainal da Jamus. Jamus ta koma mutum 10 tun kafin minti 15 bayan an kori Hendrich saboda ta ja gashin 'yar Faransa Griedge Mbock, Faransa ta ci fenaretin, suna gaba da ci ɗaya da kuma mutum ɗaya. Jamus ta samu kwana, Nüsken ta tashi ta sa kai ta farke, irin ƙwallon saman da Renard ta shekara kusan ashirin tana sharewa. Aka yi minti 120 ba su iya ƙara ko ɗaya ba, aka je fenareti Jamus ta wuce 6-5. A kwata fainal ɗin dai suka sake tsayawa, wannan karon kuma Renard ko a benci ba ta nan.