Idan Baƙar Mace Ta Ce Tana Jin Ciwo, Wa Ke Saurara a Amurka?

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, na shekarar 2023 sun nuna cewa a duk haihuwa 100,000, mata baƙar fata 50 ne ke rasuwa sanadin goyon ciki ko haihuwa, alhali a wajen fararen fata adadin bai kai 15 ba. Ninki uku ke nan har da ɗoriya, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya. Hukumar da kanta ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan mace-mace ana iya kauce musu. A ganina, babban abin da ke kashe matan nan shi ne rashin gaskata su idan sun ce jikinsu ba daidai ba, kuma wannan hali yana da tushe mai nisa.

Duk wanda ya san yoyon fitsari ya san irin ƙuncin da yake jefa mace bayan doguwar naƙuda. Mu a nan ba baƙon ciwo ba ne. Dubban matanmu sun warke a asibitin Babbar Ruga na Katsina da makamantansa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne a jikin wa aka fara koyon wannan ɗinki. Tsakanin 1845 da 1849, wani likita mai suna James Marion Sims ya tara bayi mata masu yoyon fitsari a wani ɗan asibiti da ya gina a bayan gidansa a Montgomery, jihar Alabama. Uku kawai tarihi ya riƙe sunayensu: Anarcha, Betsey da Lucy. Anarcha ba ta wuce shekara 17 ba lokacin da aka kai ta. Sau 30 ya yi mata tiyata, ba tare da maganin sa barci ba, kafin ɗinkin ya kama da zaren azurfa. Da likitocin da ke taya shi suka gaji suka daina zuwa, matan ne da kansu suka riƙa danne juna yana yanka. Yau ki danne 'yar'uwarki, gobe ita ta danne ki.

Masu kare Sims suna cewa mutumin zamaninsa ne, kuma sai a 1846 aka fara nuna amfanin maganin sa barci a bainar jama'a a Boston, bai kuma yaɗu nan take ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma bai taɓa ainihin maganar ba. Iyayen gijin matan ne suka ba da izini, su kuwa burinsu kuyanga ta warke ta koma aiki, ta ci gaba da haifa musu bayi. Mace mai 'yanci za ta iya cewa ta gaji bayan tiyata ta biyu ko ta uku. Baiwa ba ta da bakin cewa a'a. Sims ya samu laƙabin uban likitancin mata, aka kafa mutum-mutuminsa a New York, bai sauka daga gurbinsa ba sai a watan Afrilun 2018.

Abin da ya sa lamirin likitocin wancan zamani bai dame su ba shi ne wata ƙarya da suka ɗauka a matsayin ilimi: wai baƙar fata ba ya jin zafi kamar Bature. Da a ce ƙaryar ta mutu tare da bauta, da sai mu bar ta a littattafan tarihi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Virginia suka tambayi ɗaliban likitanci da sababbin likitoci farar fata 222, suka tarar kusan rabinsu sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin irin waɗannan tatsuniyoyi, kamar wai fatar baƙi ta fi kauri. Waɗanda suka yarda ɗin sun fi raina zafin da majinyaci baƙi ke ji. Waɗannan su ne za su tsaya a kan mai naƙuda da tsakar dare.

Tsakanin Sims da yau ma ba a huta ba. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga sankarar bakin mahaifar wata baƙar mace mai suna Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins ba da saninta ba. Ta rasu tana da shekara 31, kamfanoni suka yi ta cin riba da ƙwayoyin halittarta, iyalanta ba su cimma sulhu da ɗaya daga cikinsu ba sai a 2023. A 1961 Fannie Lou Hamer, wadda daga baya ta zama jigo a fafutukar 'yancin zaɓe, ta shiga asibiti a Mississippi don a cire mata ƙari, aka cire mata mahaifa ba a tambaye ta ba. A 1973, a Montgomery ɗin nan dai, aka yi wa wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Minnie Lee da Mary Alice Relf, masu shekara 14 da 12, aikin hana haihuwa na har abada. Mahaifiyarsu ba ta iya karatu ba, aka miƙa mata takarda ta yi alama a kai tana zaton allurar tsarin iyali ce. Wadda ta ji irin wannan labari daga bakin kakarta, in ta yi jinkirin zuwa awo, ba jahilci ne ya riƙe ta ba.

Akwai masu cewa duk wannan ya wuce, abin da ya rage talauci ne. Talauci yana da nasa kason, babu shakka: rashin inshora, unguwannin da aka rufe ɗakunan haihuwarsu, aikin da ba ya ba da hutun jego. Sai dai wani rahoton CDC na 2019 ya karya wannan hujja. Baƙar mace mai digiri ta fi farar mace da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa a haihuwa, kuma ta ninka takwararta fara mai digiri sau biyar. Shalon Irving tana da digirin digirgir, tana aiki a CDC ɗin kanta, kuma bincikenta a kan rashin daidaito a kiwon lafiya ne. Bayan ta haihu a Janairun 2017 ta yi ta komawa wurin likitoci da kumburin ƙafa da hawan jini, tana cewa akwai abin da ba daidai ba, ana sallamar ta. Mako uku da haihuwa ta yanke jiki ta faɗi a gida, ta rasu tana da shekara 36.

Shahararriyar 'yar wasan tennis Serena Williams ta tsira a 2017 ɗin, amma da ƙyar. Washegarin da aka yi mata tiyatar haihuwa numfashinta ya fara sarƙewa. Ta taɓa fama da gudan jini a huhu, don haka ta san alamun. Ta faɗa wa nas cewa tana buƙatar hoton huhu da maganin tsinka jini. Nas ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Sai da ta dage aka ɗauki hoton, aka kuwa ga gudajin jinin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan sai da wadda duniya ta sani ta yi gardama kafin a saurare ta, ina ga matar da ke wanke-wanke a otal, wadda ke tsoron a ce ta cika rigima?

Wasu kuma suna fakewa da halitta, wai jinin baƙi ne haka. Wani bincike na 1997 a jihar Illinois ya duba nauyin jarirai, ya tarar cewa jariran matan da aka haifa a Afirka ta Yamma suka yi ƙaura zuwa Amurka sun fi kusa da na fararen mata, a kan na baƙaƙen matan da suka tashi a Amurka. Da jini ne, da 'yar Najeriya ko 'yar Ghana ce za ta fi shan wahala. Abin da ya bambanta su shi ne shekarun da ɗaya ta yi tana haɗiye raini tun tana ƙarama, har jiki ya gaji kafin lokacinsa.

Gyara yana yiwuwa. Jihar California ta tsara wa asibitocinta matakan gaggawa na zubar jini da jijjiga, ta rage mutuwar masu haihuwa da fiye da rabi tsakanin 2006 da 2013. Amma tazarar da ke tsakanin baƙi da fari ta ƙi rufuwa, domin matakan ba sa fara aiki sai wani ya yarda cewa matar tana cikin haɗari. Shi ya sa nake ganin tilas kowane asibiti ya riƙa fitar da alƙalumansa bisa launin fata, a kuma ƙara yawan likitoci da ungozomomi baƙaƙe. Likitoci baƙaƙe ba su wuce kashi 6 cikin 100 ba, alhali baƙar fata sun kai kusan kashi 13 na al'umma, kuma wannan ma gado ne: bayan rahoton Flexner na 1910, wanda ya binciki ingancin makarantun likitanci a Amurka, makarantun likitanci na baƙar fata biyar cikin bakwai aka rufe.

Na san mai karatu zai ce mu da muke rasa mata kusan 1,000 a duk haihuwa 100,000 a Najeriya, ina ruwanmu da 50 ɗin Amurka. Ruwanmu shi ne littattafan da likitocinmu ke karantawa da na'urorin da asibitocinmu ke saya, yawancinsu a kan farar fata aka gwada su. Ɗauki 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka gano cewa tana kasa nuna ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan sau uku fiye da a jikin fari, saboda da haske take aiki, duhun fata kuma yana ruɗa ta. Irinta ce a ɗakunan haihuwarmu. Ya kamata hukumomin lafiyarmu su nemi shaidar an gwada kowace a kan fata irin tamu kafin su saya, a kuma koya wa ma'aikatan jinya cewa in mai jego ta ce numfashinta na sarƙewa alhali na'ura na nuna lafiya lau, a kira likita.