Samaru: A sayar da katifa, a bar gado

Duk wanda ya taɓa ratsa Samaru, unguwar Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a makon da ake kammala jarrabawar ƙarshen shekara ya san kasuwar da nake nufi. Ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, ba mai zuwa karɓar haraji. Katifa ce jingine da bango, ga risho, ga ƙaramar tukunyar gas, bokiti biyu da jarka, sai fanka mai tsayuwa wadda wuyanta ya sha ɗaurin waya. Mai kayan ya gama karatu, motar Jalingo ko ta Lakwaja da asuba za ta tashi, ya kuma san kuɗin dakon katifar ya kusa kuɗin katifar kanta. Sai ya ɗauki hoto ya ɗora a WhatsApp. Kafin la'asar an taya. Zai ce albarka sau ɗaya don kada a raina shi, a tayi na biyu ya sallama.

Ina ƙaunar wannan kasuwa. Katifa ɗaya takan yaye ɗalibai uku kafin ta zama shimfiɗar maigadi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin komai ya yi tashin gwauron zabi, kayan hannu ne suka rufa wa 'ya'yan talakawa da yawa asiri. Haka kuma yarinyar da ke sayar da turare da hijabai a ɗakinta, da yaron da ke sayar da data ko gyaran waya a tsakanin lacca da lacca, babu abin da zan ce musu sai Allah Ya ƙara kasuwa. Da yawansu sun koyi lissafin uwar kuɗi da riba a nan fiye da yadda aka koya musu a aji, sun kuma koyi abin da ba a koyarwa ko kaɗan, wato yadda ake bin aboki bashi ba tare da an ɓata ba.

Sai dai akwai haja ɗaya da take shiga wannan kasuwa wadda ba ta da hurumin shiga. Gadon kwana na cikin makaranta.

Wanda bai yi zaman Zariya ba sai an yi masa bayani. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma yawancin ɗakunan kwanan da ake ji da su a Samaru, irin su Amina da Ribadu da Sulaiman da Ɗanfodiyo da Akenzuwa, gine-gine ne na shekaru masu yawa, waɗanda aka yi lokacin da ɗalibai ba su kai ko kusa da yawan na yau ba. A 2019 gidauniyar Aliko Ɗangote ta miƙa wa jami'ar sababbin ɗakuna masu ɗaukar mutum 2,160. Kyauta ce babba, amma a makarantar da ɗalibanta suke dubun-dubata, cikin cokali ne aka zuba a tulu. Don haka ranar da aka buɗe neman gado a shafin intanet na makaranta, kowa yana kan wayarsa kamar mai jiran faɗuwar rana a watan azumi. Wanda Allah Ya ciyar ya samu. Wanda layin wayarsa ya yi nauyi ya tashi a tutar babu.

A nan ne wasu suka ga kasuwa. Mutum gidansu yana Tudun Wada ko Sabon Gari, ko kuma ya riga ya kama ɗaki a Hayin Dogo, ba ya bukatar gadon. Amma zai nema, ya biya kuɗin da makaranta ta yanka, sannan ya juya ya sayar wa wanda ya rasa a kan ninkin-ba-ninkin. Wani ma yana bukatar gadon, amma sai ya sayar ya koma ya raɓe a ɗakin abokinsa, abin da ɗalibai ke kira sukwatin, ɗakin mutum huɗu ya koma na bakwai, bayan gida ya ƙara cika, famfo ya ƙara layi.

Na saurari hujjar masu yin haka, kuma ba zan ce ba ta da nauyi ba. Cewa suke: kuɗina na biya, sa'ata ce ta ba ni, wanda ya saya ba a ɗaure shi aka kawo ba, da ribar zan ci abinci har tsakiyar zango. Yunwa gaskiya ce. Ko tallafin naira 20,000 a wata da asusun lamunin karatu na NELFUND ya fara bai wa ɗalibai a 2024, wanda ya samu ya san inda yake ƙarewa tun kafin wata ya raba.

Amma a tambayi kai, me ya sa gadon cikin makaranta ya fi ɗakin waje araha nesa ba kusa ba? Ba don katifar ba ta da laushi ba ne. Dalili shi ne an gina ɗakin da dukiyar jama'a ko da kyautar masu hali, aka kuma rage kuɗinsa da gangan domin yaron da ya taso daga Gembu ko Yawuri, bai san kowa a Zazzau ba, ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Ratar da ke tsakanin kuɗin makaranta da kuɗin bayan fage ba guminka ba ne. Tallafi ne da aka yi don wani, ka tare shi a hanya. Mun san wannan aiki a wasu wurare, muna kuma da sunan da muke kiransa. Idan aka kawo takin gwamnati don manoma, wani mai hanya ya karɓi buhu hamsin alhali ko akuya bai taɓa ɗaurewa a gona ba, ya kai kasuwa, me muke ce masa a majalisa? Ɗalibin da zai kwana yana tsine wa irin wannan mutum a Facebook, da safe ya tallata gado a zauren 'yan ajinsu, ya dubi madubi. Bambancinsu yawan buhu ne kawai.

Sannan cinikin kansa ba shi da ƙafa. Katifarka taka ce, ka sayar, ka kyautar, ka ƙona in ka ga dama. Gado kuwa izinin kwana aka ba ka na shekarar karatu ɗaya, da sunanka da lambarka. Malamanmu tun muna makarantar allo suke karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Wanda ya saya bai mallaki komai ba. Sunansa ba ya cikin rajista, dokar makaranta ta haramta abin da ya yi, in aka zo bincike da dare shi ne zai haura taga. Idan kuma aka sayar wa mutum biyu gado ɗaya, wanda ba sabon labari ba ne, wa zai kai wa ƙara? Ɓarawo ba ya ihun an yi masa sata.

Duk da haka ban yarda cewa kora da horo kaɗai za su kashe wannan kasuwa ba. Shekara nawa ana kafa sanarwa a allo? Ruwa ba ya tsami banza. Akwai waɗanda suka sami gado da niyyar kwana, daga baya hali ya canza: wata ta yi aure ta tare a Hanwa, wani karatunsa ya koma asibitin koyarwa na Shika, wani ya jingine shekarar saboda rashin lafiya. Muddin mayar wa hukuma gado ya fi sayar da shi wahala, to bayan fage za a nufa. Abin da nake so in gani a manyan makarantunmu shi ne ƙofa a buɗe, kowa ya san ta: wanda ba ya bukata ya saki gadon a shafin da ya nema, a mayar masa da kuɗinsa cikin mako guda, gadon ya faɗa kan na gaba a jerin masu jira, jerin kuma a kafe shi inda kowa zai gani. Idan an yi wannan, wanda aka kama yana sayarwa ba shi da ta cewa, a hukunta shi babu mai jin tausayi. Manhajar da ta iya raba gado dubbai cikin 'yan mintuna ba za ta gaza karɓar guda ɗaya da aka mayar ba.

Wanda ya rasa gado sai ya fita waje, a can kuma wata duniya ce. Samaru da Palladan da Zango da Bomo da Hayin Dogo, ba ɗaliban jami'a kaɗai ke neman ɗaki a wannan yanki ba. Zariya gari ne na makarantu: ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar nazarin fata, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar horon malamai ta tarayya, kowace da nata baƙin. Masu nema sun fi ɗakuna yawa, dillali kuwa ya san da haka.

Shekarun baya ɗan yayata ya sami gurbin karatu, ya rasa gado. Wani da ya girme shi da aji biyu ya haɗa shi da dillali, aka turo hoton ɗaki mai sabon fenti da rijiya a tsakar gida. Yaro ya kira ni yana rawar jiki: "Kawu, sun ce in ba a tura kafin alƙalami yau ba, wani zai ɗauka." Na san cinikin biri a sama ne, amma na tura, don ina tsoron ya kwana a masallaci. Bayan kuɗin haya na shekara aka ce akwai la'ada, akwai kuɗin takarda, akwai na ajiya ko da za a fasa wani abu. Takardar ba mu taɓa ganinta ba. Rijiyar kuwa gaskiya ce, tana nan, sai dai a watan Maris ta ƙafe ƙaf, yaro ya koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa har damina ta sauka. Da na je na yi magana, dillalin ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai ba ku tambaya ba." Abin da ya fi ci mini rai ba shi ba ne. Daga baya na ji cewa babban ɗalibin nan da ya yi haɗin yana da nasa kaso a la'adar. Kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa, shi ma na ƙasan yana jiran shekara ta zagayo ya sami wanda zai danne.

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma kusan duk ribar da ba ta halatta ba a garin ɗalibai daga wannan makanta ake cin ta. Ba a cika cutar ɗan aji huɗu ba. Ya san layin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ya san unguwar da taransifomarta ta shekara a lalace, ya san wayar da aka ce "ta hannu ce mai tsabta" amma babu kwali babu rasit, wadda ranar da 'yan sanda suka bi sawunta mai riƙe da ita za su fara kamawa. Ɗan aji ɗaya ne abincin kowa.

Ba na so a ɗauka masu gidaje duka azzalumai ne. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a ɗakuna shida, hayar ita ce fanshonsu. Su ma suna da nasu kukan: ɗalibi ya kama ɗaki shi kaɗai, bayan wata guda su biyar ne, ya tafi ya bar bashin wuta, ya sayar wa wani ragowar watanninsa ba tare da mai gida ya sani ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya tona wannan ciwo. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, ɗakuna suna kulle, kaya a ciki, masu su suna gidajen iyayensu. Da aka dawo, mai gida ya ce shekara ta cika, ɗalibi ya ce ai ban kwana ba. Kowa yana da gaskiyarsa: ɗakin bai amfani ɗalibi ba, amma mai gida ma bai iya ba wa wani ba tunda kwaɗon ɗalibi ne a ƙofar. Kuma shekara biyu kacal kafin nan, a 2020, an yi wata tara ana irin wannan zaman. Abin da ya faru sau biyu cikin shekara uku ai ya isa a rubuta shi a yarjejeniya: in makaranta ta rufe fiye da wata kaza, ga yadda za a raba asarar.

Rubutun nan shi ne abin da muke gudu. Muna ganin neman takarda kamar zargi ne, kamar ka ce wa dattijo ba ka yarda da shi ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin dariya ne a ce masu karatun lauya a harabar jami'ar ta Kongo da masu karatun akanta suna miƙa kuɗin shekara guda a bakin titi, shaidarsu kawai saƙon banki.

A nan ne nake ganin ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na ƙananan hukumomi suke da aikin da ya fi bikin al'ada da buga kalanda mai hoton shugabanni. Su ne suka san unguwannin nan layi-layi, su ne kuma sabon ɗalibi ke fara nema ranar da ya sauka a Kwangila da jakarsa. Shafi ɗaya ya isa: sunan mai gida na ainihi, ba na dillali ba, ranar shiga da ranar fita, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, yadda ake raba kuɗin wuta, nawa ne la'ada, wa zai biya, ko an yarda a miƙa wa wani ragowar watanni, sai batun yajin aiki. A buga shi da Hausa da Turanci, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. A ƙasan shafin kuma a bar layi guda, inda wanda ya bar ɗakin bara zai rubuta watan da rijiyar take ƙafewa.