Kyanwar da na wuce a bakin kwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana tara abin nan yana cin raina, bari in faɗa.

Ranar Laraba da la'asar ina dawowa daga kasuwa na tarar yaran layinmu sun kewaye wata 'yar kyanwa a bakin kwata, wannan ya jefa, wancan ya jefa, suna ihu wai mayya ce tunda baƙa ce. Da idona na gani. Na gyara mayafina na wuce, ko uffan ban ce ba. Da dare sanyin hunturu ya sauko, ina cikin bargo ina jiyo kukanta har aka kira assalatu. Wallahi ban runtsa ba. Tun muna Islamiyya muka haddace labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. To me haddar ta amfana mini a bakin kwatar nan?

Da gari ya waye na ɗauko ta a kwali. Ina ajiye ta ta shige ƙarƙashin gado, kwana uku ba ta leƙo ba sai dare ya raba. Na miƙa hannu ta yakushe ni. Maƙwabciyata ta ce, "Maman yara, ki fitar da abin nan, ba ki ga yadda idonta ke ƙyalli ba?" Haba Hajiya, haka Allah ya halicci idon kowace mage. Wadda ta saba duk hannun da ya nufo ta da dutse yake zuwa, a kwana ɗaya za ta yarda da nawa?

Nan ne muke faɗuwa. Tausayin ɗaukowa muna da shi, haƙurin zama ne babu. Nima na yi kuskure, na ɗura mata madara ta kama zawo. Likitan dabbobi ne ya ce yawancinsu cikinsu ba ya ɗaukar madarar shanu, a ba ta ruwa mai tsabta da dafaffen kifi ko nama, ban da albasa, sannan a yi maganin tsutsar ciki da ƙuma, da allurar rigakafin ciwon haukan kare. Na zuba yashi a tsohuwar roba na ajiye a lungu, da kanta ta gane wurin, ta yi ta binne. Abin da take buƙata ke nan, sai a ƙyale ta har ta fito don kanta.

Ku kuma masu kawo mage don ɓera ku hana ta abinci, wai in ta ƙoshi ba za ta yi farauta ba, ku ji tsoron Allah. Farauta a jininta take ko ta ƙoshi. Yunwa ta sa ta buɗe tukunya, sai muciya a gadon baya, wasu har da ruwan zafi. Ta haihu, a zuba 'ya'yan a buhu a kai bola, uwar ta kwana tana zagaye gida tana kuka. A tafi biki ƙauye kwana huɗu an rufe ta a sito. Wannan da matar can ina bambancin?

Sahabi Abu Ƙatada karkata wa wata kyanwa kwanon alwalarsa ya yi har ta gama sha, yana faɗin Annabi (SAW) ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Mu kuma 'ya'yanmu na jifanta muna wucewa.

Jiya da asuba ta fito ta kwanta a gefen sallayata, sai da na yi hawaye.

Don Allah iyaye, ku tsawatar wa yaranku. In ba za ku iya riƙe ta ba kar ku kulle ta. Don Allah kar ku kulle ta.